Dokin Baƙo a Gidan Masunci

Da sunan Allah zan fara, Shi ne ya ba ni tsawon ran da zan tuna. Ni haifaffiyar birnin Haɗeja ce. A gidan malamai na tashi, a can na koyi riƙe alƙalami, amma aure ya kai ni wani ɗan ƙauyen masunta da ke kan tudu tsakanin Baturiya da Guri, kuma a can gashina ya yi fari. Da za a kai ni, ƙawayena sun sha yi mini tsiya, wai an ba da ni inda kwaɗi ne ke tashin mutane da asuba. Ba su yi ƙarya ba. Sai dai akwai abin da na gani a garin kwaɗin nan wanda ban gani a birni ba, shi nake so in ajiye a takarda tun hannuna bai fara rawa ba.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, gajere ne mai faɗin kafaɗa, baƙi wuluk saboda rana da ruwa. Masunci ne ɗan masunci. Magana kuwa kamar sayenta yake yi. Idan na tambaye shi abu da hantsi, sai wajen azahar zan ji ya ce, "Wannan abin da kika ce ɗazu," lokacin ni har na manta na tambaya. Ni kuma Allah ya yi ni da baki, kafin ya ce ɗaya na ce goma. Haushinsa nake ji sau da yawa, har nakan ce masa tsakanin ni da jirginsa ban san wanda ya fi jin muryarsa ba. Sai ya yi murmushi ya ci gaba da ɗinkin tarunsa.

Garinmu yana da al'ada game da baƙo. Baƙo a wurinmu ba na mai masauki ba ne shi kaɗai, na gari ne. Da zarar an ji wani ya sauka a gidan wane, kowane gida sai ya aiko da akushi, ko tuwon shinkafa da miyar kifi, ko fura, ko ɗan abin da ya samu. Kuma ba a mayar da akushi da abinci a ciki. Matar da aka mayar wa nata ba a taɓa ba, sai ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwarka da daɗin rai ba. Na ga baƙin da suka ci har suka kasa tashi, suna roƙon a yi musu afuwa. Mu kuwa murna muke yi, muna cewa baƙonka annabinka.

A shekarar da nake magana, ruwa ya yi yawa ƙwarai. Kogi ya haura gaɓarsa ya shafe fadama kaf, ba ka ganin komai sai kawunan goriba da tsuntsaye. An yanke gero a gonakin tudu, sabon hatsi ya shigo rumbu, amma hanyar gabas ta nutse. Ana cikin haka wata rana da la'asar sai ga wani dattijo ya fito daga yamma a kan doki, ruwa ya jiƙa su har ƙirjin dokin. Tsohon falke ne na kanwa, mutumin birni. An aiko masa cewa yayansa yana kwance ba lafiya can gabas da Guri, wajen ƙasar Barno, shi ya sa ya kama hanya bai jira ruwa ya janye ba. Gidanmu ne na farko daga bakin ruwa, a nan ya yi sallama.

Washegari aka duba aka ga doki ba zai iya gaba ba, jirgi kuma ba zai ɗauke shi ba. Maigidana ya ce zai kai dattijon Guri a jirgi. Kafin su tashi, dattijon ya kama ragamar dokin ya sa a hannun maigidana ya ce, "Ɗana, ga amana. Tun yana duƙushi yake hannuna, ba ni da wani. Idan ruwa ya janye, in Allah ya yarda zan dawo in karɓa." Maigidana ya ce, "To, Baba." Iyakar abin da aka faɗa ke nan. Dattijon bai ce a ba shi kaza a hana shi kaza ba. Abin da kowane yaro ya sani a birni ne, bai ga dalilin faɗa ba, bai kuwa san cewa a garinmu babu wanda ya taɓa kiwon abin da ya fi akuya ba.

Dokin ja ne mai farin goshi, ba babba can ba, mai sanyin hali. Aka kafa masa turke a ƙarƙashin tsamiyar bayan gidanmu. Duk garin ya zo kallo. Ni da yake 'yar birni ce, mata suka yi ta tambayata me doki yake ci, me yake so. Ni kuwa iyakar sanina da doki shi ne in matsa gefe ya wuce. Na ce musu na dai ga ana ba su hatsi.

Mai doki ya tafi, amma a idon mutanenmu baƙo bai tafi ba, ga shi nan ɗaure a gindin tsamiya. Sai ƙore suka fara zuwa. Wannan gida ƙwaryar sabon gero, wancan gida ƙwaryar sabon gero, gidan bulama, wato mai garinmu, har da shinkafa mai ɓawo. Kowace mace tana so ta zuba nata da hannunta, ta tsaya ta ga an cinye, ta koma da ƙwarya wayam tana alfahari. Dokin nan kuwa bai san kunya ba, duk abin da aka zuba sai ya share. Wata tsohuwa har kifi ta kawo masa, ya sunsuna ya kau da kai, muka yi ta dariya. Da maigidana ya dawo daga Guri ya tarar da haka, shi ma daɗi ya ji. Ya ce idan Baba ya dawo zai sami dokinsa ya yi ƙiba, ya san ba a wulaƙanta amanarsa ba.

Ba a yi kwanaki da yawa ba. Wata safiya na fita zuba wa kaji tsaki, sai na ga dokin a tsaye wata irin tsayuwa da ban taɓa gani ba. Ya miƙa ƙafafunsa na gaba can gaba, ya ja jikinsa baya kamar mai shirin zama, gumi yana tsiyaya daga wuyansa ko da yake rana ba ta yi zafi ba. Jiya-jiyan nan lafiya lau yake, har yana harbin ƙuda. Na ƙwala wa maigida kira. Ya zo ya kwance shi ya ja ragama, doki ya ƙi motsi. Da ya matsa masa, sai ya ɗaga ƙafa ɗaya ya ajiye a hankali kamar mai taka garwashi, ya yi wani nishi da har yau ina jinsa a kunnena.

Gari ya taru. Wani ya ce maciji ne, aka duba ba a ga sara ba. Wani ya ce ƙayar kurungu ce, domin kifin nan ƙayarsa takan huda ƙafar mutum a cikin laka, aka wanke kofato ɗaya bayan ɗaya ba a ga komai ba. Wasu suka ce baki ne, an cika yabonsa. Maigidana ya matso kusa da dokin. Ya durƙusa ya dafa kofaton da tafin hannunsa, ya daɗe a haka, sannan ya taɓa bayan ƙafar, inda jijiya take bugawa da ƙarfi. Ya ce, "Wuta ce a ciki." Ya miƙe ya ɗauki sandar tuƙi ya shiga jirgi.

Wani tsohon Bafulatani ya je ɗaukowa, wanda rugarsu take kan tudu wajen Baturiya, an ce ya taɓa kiwon goɗiyoyi. Tsohon ya zo ya kalli tsayuwar dokin, ya tona kashinsa da sanda ya ga gero tsantsa, sannan ya waiwaya ya ga ƙoren da aka jera a gindin danga. Ya ce, "Wa ya ba shi wannan duka?" Maigidana ya ce, "Gari ne, Baffa." Tsohon ya fara dariya, sai kuma ya daina. Ya ce, "To gari ya kashe shi da alheri. Sabon hatsi idan ya yi wa doki yawa, ƙafa yake sauka. Kofaton nan yana rabuwa da nama daga ciki. Na ga wanda nasa ya cire gaba ɗaya kamar takalmi."

Maigidana ya tambaye shi ko akwai magani. Tsohon ya ce, "Magani na Allah ne. Amma kada ya ƙara ganin ƙwayar hatsi, sai busasshiyar ciyawa. A tsayar da shi cikin ruwa mai gudu ya sha zafin. Bayan haka kada ya taka ƙasa mai tauri. Kuma kada ka bari ya daɗe a kwance, in ya daɗe ba zai tashi ba." Ya ƙara da cewa, "Ɗana, gaskiya zan gaya maka. Waɗanda na gani da wannan ciwo, yawancinsu kuraye ne suka ci."

A ranar bulama ya kira maza ƙofar gidansa. Ni ina bayan danga ina ji, don ba a yi dangar da za ta hana ni jin magana ba. Tsoro ya kama kowa. Dokin mutumin birni ne, idan ya kai ƙara wurin alƙali, wa zai tsaya? Bulama ya ce, "Mu haɗa baki mu ce maciji ne. Lokacin ruwa ne, macizai duk sun hawo tudu, ba wanda zai musa." Kowa ya ce haka ne. Aka juya ana jiran maigidana, shi kuwa yana ta kallon ƙasa har mutane suka fara gyaran murya. Can ya ce, "Ranka ya daɗe, ba maciji aka ba amana ba, ni aka ba. Abin da ya faru shi zan faɗa. Kuma ba zan ambaci gidan kowa ba, a gidana aka ɗaure shi." Bulama ya ce, "In ya mutu fa?" Ya ce, "Bai mutu ba tukuna." Ya tashi ya bar su zaune.

Kai dokin bakin ruwa kaɗai sai da ya ci rabin yini, ko da yake wurin ba shi da nisa. Maigidana ya shimfiɗa tsofaffin tabarmi a hanya, doki ya taka ɗaya ya tsaya, a ɗauko ta baya a mayar gaba. Da aka isa inda ruwa yake gudu a kan yashi, aka shigar da shi har gwiwa. Nan na ga dokin ya sauke kai ya yi ajiyar zuciya. Sai dai wata matsala ta fito. An kafa turke a cikin ruwan, amma da zarar maigidana ya juya zai fita, sai dokin ya firgita ya nemi binsa, ya yi ta fama har ya kusa faɗuwa. Ƙannensa sun gwada tsaya masa, doki ya ƙi kowa. Sai idan shi ne a gefensa, hannunsa a kan wuyansa, sannan yake natsuwa.

Haka ya tsaya. Daga fitowar rana zuwa faɗuwarta yana cikin ruwa, salla kaɗai ke fitar da shi, ita ma a bakin gaɓa inda dokin zai riƙa ganinsa. A can nake kai masa abinci, ya ci a tsaye. Matsattsaku suna kama ƙafafunsa, ya cire ya jefar, ya sunkuya ya cire na dokin. Abin da ya fi ba ni mamaki, wata rana na iso da fura sai na ji murya. Na tsaya bayan ciyawa. Maigidana ne yake yi wa doki hira, yana ba shi labarin inda tarwaɗa take kwanciya da yadda mahaifinsa ya koya masa iyo da gora. Na ce, "Maigida, ashe kana da baki? Ni shekara da shekaru ina nema ban samu ba, doki ya samu a banza." Ya ce, "Shi ba ya katse ni."

Zafin kofaton ya ragu, muka ce an tsira. Ashe da sauran aiki. Aka dawo da shi gindin tsamiya, maigidana ya yi ta jigilar yashi mai laushi a jirgi daga wani tsibiri, ya zuba har ƙafa tana nutsewa. Amma dokin ya rame, ciwo ya cinye shi, ya fara kwanciya. Ranar farko maza suka taru suka ɗaga shi. Rana ta biyu ya kwanta ya ƙi ko ɗaga kai, gefen jikinsa ya fara saɓulewa.

A ranar ne muka yi faɗan da ba mu taɓa yin irinsa ba. Na shigo gida na tarar da maigidana ya baza babban tarunsa a tsakar gida, wuƙa a hannunsa. Tarun nan shi ne gonarmu, shi ne rumbunmu. Rani guda muka yi ni da shi muna murza zaren rama kafin ya saƙu, har fatar cinyata ta yi kanta. Ga shi ruwa ya fara janyewa, lokacin da masunci yake kama kifin da zai ci shekara. Na ce, "Me za ka yi?" Ya ce zai yanka shi ya ninka, ya rataye dokin da shi a reshen tsamiya, ƙafafunsa su huta. Na ce, "Maigida, ka haukace ne? Doki ba naka ba, ciwo ba kai kaɗai ka jawo ba, Baffa ma ya ce na kuraye ne. Mu da yaran nan me za mu ci, kofato?" Na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta ba. Ya bar ni na gama tsaf. Sannan ya ce, "Taru zan iya saƙa wani. In na ce wa mutum to, ban san yadda ake saƙa wata ba." Ya sa wuƙa. Na shiga ɗaki na yi kuka na haushi, na fito na riƙe masa ɗaya gefen don kada ya yanka a karkace.

Ya ninka tarun ya shimfiɗa buzu a ciki, aka zura ta ƙarƙashin cikin dokin, aka ɗaure da igiyoyin jirgi a manyan rassa biyu. Irin ƙullin masunta ya yi, wanda ake sassautawa a ƙara ja ba tare da an kwance ba. Doki ya tsaya, rabin nauyinsa a kan taru, rabi a kan yashi. Idan ya gaji a sassauta ya kwanta kaɗan, kafin jiki ya mutu a ja shi sama. Bafulatanin da ya sake zuwa dubawa ya zagaya tsamiyar, ya taɓa ƙullin, ya ce bai taɓa ganin an kama doki da taru ba sai a garinmu.

Ruwa ya janye, kamun kifi ya kankama. Kowace safiya maza suna fita da jirage, da yamma hayaƙin banda ya rufe gari, ƙamshin kifi ko'ina. Gidanmu kuwa shiru. Maigidana sai dai ya ɗauki 'yar koma ya kamo na miya a kusa, ya dawo da sauri. Zuciyata ta yi ta ƙuna, ba zan ɓoye ba. Amma mutanen garinmu ba su da mugun nufi, rashin sani ne, wanda aka ce ya fi dare duhu. Da suka ga abin da mutumin nan yake yi, kunya ta kama su. Ƙoren nan suka dawo, wannan karon da yashi da busasshiyar ciyawa da harawa, wata kuma da kifi a rufe, a ajiye mini a bakin ƙofa ba a ce komai ba. Bulama da kansa ya zo ya riƙe igiya ranar da ake ɗaga dokin, bai ƙara zancen maciji ba.

Daga baya ciwon ya fashe a saman kofato, daidai inda gashi ya ƙare. Mugunya ta yi ta fita, wari ya hana kowa zuwa kusa. Maigidana ya riƙa dafa bagaruwa yana wankewa, ya jiƙa ƙafar a ruwan kanwa mai ɗumi, ya shafe da man shanu. Ya yanka wata tsohuwar salka ya ɗinka wa dokin takalman fata, ya cusa audugar rimi a ciki. Kofaton ya fara fitowa a murɗe, bakinsa yana tasowa sama, sai ya riƙa fere shi da wuƙar gyaran kifi, ɗan kaɗan yau, ɗan kaɗan bayan kwana biyu. Ba wanda ya koya masa. Yakan fere ya tsaya ya kalli yadda dokin ya ajiye ƙafar, in ya ga ya ji daɗi ya san ya yi daidai. Ga sauro da ƙudan fadama, sai ya hura masa hayaƙi kamar mai banda. Ni da na auri mutumin nan ina ganin sanyinsa ya yi yawa, a gindin tsamiyar nan na gane ba sanyi ba ne. Na ji ina girmama shi fiye da duk malaman da na taso a gabansu, kuma na gode wa Allah da ya kai ni gidansa.

Lokacin ɗari ya shigo. Dokin ya fara tsayuwa ba taru, ya fara zagaya tsamiya, har wata rana ya yi haniniya da ya hango maigida, yara suka yi ta tsalle. Sai dai shi maigidan ne ya fara gazawa. Tun tsayuwar cikin ruwa gwiwoyinsa suke ciwo bai faɗa ba, ga durƙuso kullum a kan yashi mai sanyi. Suka kumbura suka yi suntum. Da farko yana dogara sandar tuƙi, daga baya sai an kama shi. Ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a inda zai riƙa ganin dokin, daga nan yake gaya mini abin da zan yi. Ni 'yar gidan malamai, ga ni da kofaton doki a kan cinya ina shafa man shanu.

Da hanyar gabas ta bushe, sai ga dattijon ya dawo tare da wani ayarin jakuna. Yayan nasa ya rasu, ya tsaya har aka raba gado. Muka yi masa lale, muka yi masa ta'aziyya, na kawo ruwa. Bai kai ga sha ba maigidana ya ce, "Baba, kafin ka sha ruwan gidana, akwai magana." Ya faɗa masa komai, daga geron har zuwa mugunyar. Bai ambaci gidan kowa ba, bai kuma ambaci tarunsa ko gwiwarsa ba. Ya ce, "Rashin sanina ne ya jawo. Yana raye, yana tafiya, amma ba dokin da ka ba ni ba ne."

Dattijon ya ajiye ƙwaryar ruwan ya tashi ya zagaya bayan gida, na bi shi. Dokin ya gane shi, ya sa hanci a ƙirjinsa. Ya sunkuya ya kwance takalmin fatar, ya ɗaga ƙafar, ya bi kofaton da babban yatsa. Duk ya yi layi-layi, kowane layi shaidar wahalar da aka sha. Ya duba ɗaya ƙafar. Sannan ya ɗaga kai ya ga ragowar tarun da ke rataye a reshe. Ya tambaye ni mene ne wannan, ni kuwa da ma jira nake a tambaye ni. Na faɗa masa duk abin da maigida ya bari, har da ƙari.

Ya koma zaure ya zauna kusa da tabarmar maigidana, ya ɗauki ruwan ya sha. Ya ce, "Sannu da aiki, ɗana. Na yi shekaru ina bin ayari, na ga wannan ciwo ya kama dawakin manyan mutane masu barga da barori. Ban taɓa ganin wanda ya tashi ba. Ni ne ban yi maka bayani ba, laifin nawa ne." Maigidana ya ce, "A'a, Baba." Sai aka fara shigo da akussa.

Da safe dattijon ya ɗaura sirdi zai tafi. Ya so ya bar mana wani abu, maigidana ya ƙi, sai dai ya roƙe shi ya tafi da takalman fatar da ɗan ƙullin bagaruwa. Ya yunƙura zai raka su, gwiwa ta ƙi. Aka jawo dokin har bakin zaure, maigidana ya shafa farin goshin nan. Da suka fita ya kira ni ya ce, "Bi su zuwa inda yashi ya ƙare. Ki duba mini yadda zai taka ƙasa mai tauri. Abin da kika gani shi za ki gaya mini."

Na yafa zane na bi su daga nesa. A kan yashi dokin yana tafiya sumul, dattijon a bisa. Da suka hau busasshiyar laka, wadda ta tsage ta yi tauri, sai na ga kan dokin ya fara ɗan sunkuyawa duk lokacin da ya ajiye ƙafar hagu. Kaɗan ne, amma na gani. Ba su yi nisa ba dattijon ya ja linzami ya sauka. Tsoho ne, ga birni da nisa, amma ya kama ragama ya shiga gaba, dokin yana binsa a hankali, har goriba ta ɓoye su.

A hanyar dawowa na yi ta shawara da zuciyata. Mutumin nan ya ba da tarunsa da kamun kifinsa na shekara da gwiwoyinsa, me zai rage idan na ce masa lafiya lau ya tafi? Na shiga zaure na same shi ya kafa wa ƙofa ido. Na buɗe baki, ƙaryar ta ƙi fitowa a gabansa. Na ce, "Maigida, yana ɗingishi kaɗan da ƙafar hagu. Amma Baba ya sauka, da ƙafa yake tafiya, yana jansa."

Na ga hawaye ya gangaro ya shiga gemunsa, abin da ban taɓa gani ba ko ranar da mahaifiyarsa ta rasu. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Ya koma hannun wanda zai tausaya masa." Sannan ya share fuska da hannun riga ya ce in miƙo masa ramar da ke rataye a bango, tunda zama ya kama shi, gara ya fara murza zare. Na miƙo masa, na zauna a gefensa na ɗebi rabi.